Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Ruwa Ba Ya Ƙara Gudu Sai An Tura Shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan wani kuskure da na daɗe ina cin karo da shi a bakin ɗalibai, har ma da wasu masu aikin famfo da suka kwana biyu a sana'ar. Kuskuren shi ne zaton cewa idan bututu ya tsuke, matsin ruwan da ke ratsa wurin yakan ƙaru. Hujjar da ake kafawa kowa ya san ta: a danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwa ya yi tsiri ya tafi nesa, sai a ce ai ga shi nan matsi ya ƙaru. Gaskiyar magana ita ce gudu ne ya ƙaru, matsi kuwa raguwa yake yi a daidai wurin tsukewar, kuma dalilin hakan shi ne abin da nake ganin an fi yin sakaci da shi wajen koyarwa.

Ruwa kusan ba ya matsuwa ya rage girma, saboda haka duk litar da ta shiga bututu cikin daƙiƙa ɗaya dole ta fita cikin daƙiƙa ɗaya. A ɗauki bututu mai faɗin santimita 10 wanda ya tsuke ya koma santimita 5. Faɗin ya ragu da rabi, amma filin da ruwa zai bi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka ruwan da ke tafiyar mita 1 a daƙiƙa tilas ya koma mita 4 a daƙiƙa. Wannan lissafi ba ya ba ɗalibai wahala.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: mene ne ya tura ruwan har gudunsa ya ninka sau huɗu? Tun shekarar 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa ƙarfin tafiyar abu, wato nauyinsa idan an ninka shi da gudunsa, wanda masana ke kira momentom, ba ya sauyawa sai wani ƙarfi ya yi aiki a kansa. Ruwa bai fita daga wannan doka ba. Bangon bututun da ke tsukewa ba zai tura ruwa gaba ba, domin yana fuskantar ruwan ne, baya yake danna shi. Idan bututun a kwance yake, nauyin ruwan ma ba ya taimakawa. Abu ɗaya ya rage, wato ruwan da ke baya. Kowane ɗan yankin ruwa yana tsakanin matsi biyu, na bayansa da na gabansa, kuma ba zai ƙara gudu ba sai na bayan ya rinjayi na gaban. Ke nan a duk tsawon wurin da gudu ke ƙaruwa, matsi yana sauka mataki-mataki, kuma wannan sauka ce nake kira gangaren matsi, domin ruwa yana bin ta kamar yadda dutse ke gangarowa daga tudu.

Daniel Bernoulli, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya wallafa dangantakar gudu da matsi a shekarar 1738, daga baya abokinsa Leonhard Euler ya tsara ta cikin lissafin da ake amfani da shi har yau. A misalinmu, tun da lita ɗaya ta ruwa tana da nauyin kilo ɗaya, tashi daga mita 1 zuwa mita 4 a daƙiƙa yana cin matsi na faskal 7,500 (faskal shi ne ma'aunin matsi), kwatankwacin matsin ruwa mai zurfin santimita 76. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba ɗalibi wannan ƙa'ida ya haddace a matsayin "gudu yana rage matsi", kamar dai gudun ne ke cinye matsin ta wata ɓoyayyiyar hanya. Wanda ya haddace ta haka zai ci jarrabawa, amma da ya fita daga aji zai koma ga abin da yatsansa ya gaya masa a bakin tiyo, domin ba a taɓa nuna masa cewa bambancin matsin shi ne ƙarfin da ya haifar da gudun ba.

To me yatsan yake ji? Idan aka toshe yawancin bakin tiyo, yawan ruwan da ke bi ta cikinsa yakan ragu, asarar da gogayya da bango ke jawowa ita ma ta ragu, sai matsin da ke bayan yatsa ya tashi ya kusanci na babban bututun da ke kawo ruwan. Wannan matsi na baya shi yatsa ke ji. A wurin fitar kuwa matsin ya riga ya faɗi ya daidaita da na iskar waje, ya koma gudu. Zafin da mutum ke ji idan tsirin ruwan ya bugi tafin hannunsa ƙarfin tafiya ne da hannun ya tsayar.

Wannan fahimta tana da amfani a aikace. A ce matsin da ke cikin faffaɗan ɓangaren bututun namu faskal 200,000 ne sama da na iska, wato kamar na ruwa mai zurfin mita 20. Idan aka lissafa turin da ke baya, aka cire na gaba, aka kuma cire abin da ya tafi wajen ƙara wa ruwa gudu, za a tarar mahaɗar da ta tsuke bututun tana ɗauke da turi na kusan niyuton 1,170 (ma'aunin ƙarfin turi) zuwa inda ruwan ya nufa, daidai da nauyin kilo kusan 120. Shi ya sa injiniyoyi ke zuba kankare a bayan irin waɗannan mahaɗai da wuraren da manyan bututai suka lanƙwasa, kuma wanda bai san da wannan turi ba zai yi ta mamakin yadda mahaɗa ke kwancewa alhali an ɗaure ta tamau.

Giovanni Battista Venturi ɗan Italiya ya wallafa gwaje-gwajensa kan bututai masu tsukewa a 1797, sannan a 1887 injiniya Clemens Herschel na Amurka ya mayar da wannan ilimi na'urar auna yawan ruwa, wadda ke karanta bambancin matsi tsakanin faffaɗan wuri da maƙogwaron bututu. Duk wanda ya dubi na'urar da kyau zai ga mashigarta gajeriya ce, mafitarta kuwa doguwa mai buɗewa a hankali. Dalili shi ne a wajen buɗewa ruwa yana rage gudu yana hawan gangaren matsi, kuma idan buɗewar ta zo farat ɗaya, ruwan da ke kusa da bango, wanda gogayya ta riga ta raunana, yakan kasa hawa, ya rabu da bangon ya yi ta juyawa, a yi asarar matsin da ba zai dawo ba. Haka kuma idan tsukewar ta yi tsanani matsi na iya faɗuwa ƙasa da na iska sosai, har ya rage bai kai faskal 2,300 ba gaba ɗaya, inda ruwa mai ɗumin digiri 20 ke tafasa ba tare da wuta ba, ya yi kumfar tururi da ke fashewa a gaba tana cin ƙarfen bawul da fankar injin ruwa. Likitocin zuciya ma da wannan ƙa'ida suke aiki: idan na'ura ta nuna jini yana ratsa tsukakken bawul na zuciya da gudun mita 4 a daƙiƙa, suna ƙiyasta bambancin matsin da milimita 64 a ma'aunin da ake gwada hawan jini.

Dole in ƙara da cewa ƙa'idar Bernoulli ba ta lissafa gogayya. A gajeriyar tsukewa hakan ba ya ɓata lissafi sosai, amma a dogon siririn bututu gogayya ce ke cinye yawancin matsin, kuma bai kamata a haɗa wannan asara da saukar da ke zuwa saboda ƙarin gudu ba.

Roƙona ga malaman kimiyya da masu horar da ma'aikatan famfo shi ne su fara da tambayar abin da ya tura ruwan kafin su rubuta lissafi a allo. Gwajin ba shi da wuya: bututu mai tsukewa a tsakiya, da siraran tiyo uku masu nuna ciki a kafa su tsaye, ɗaya kafin tsukewar, ɗaya a maƙogwaro, ɗaya bayansa. Da an saki ruwa ɗalibi zai ga na tsakiya ya fi sauran ƙasa, na ƙarshe kuma ya ɗago amma bai kai tsayin na farko ba.

Wassalam,
Wani malamin kimiyya, mai karanta jaridarku