Sanarwa: Zaman Asabar kan Andy Goldsworthy

Assalamu alaikum ƴan uwa masu zane da sassaƙa, barkanmu da warhaka.

In sha Allahu ranar Asabar bayan la'asar za mu tattauna a nan rukuni kan Andy Goldsworthy, ɗan Ingila da aka haifa a 1956, mazaunin Sikotilan. Da ganye, duwatsu da ƙanƙara yake aiki. Ƙaya ce allurarsa ta ɗinke ganye, sai ya ɗauki hoto kafin iska ko ruwa su tafi da aikin. Ni dai katangarsa ta Storm King, wani filin baje kolin sassaƙa a Amurka, wadda ke zagaya bishiyoyi babu siminti, ta fi burge ni.

Kowa ya haɗa nasa da abin da ya tsinta a waje, ya turo hoto ɗaya kafin daren Juma'a. Don Allah ban da na intanet!

Allah ya kai mu lafiya.