A taya mu yi wa Malam na Agege addu'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi ta'aziyyar wani dattijo da Allah Ya yi wa rasuwa a watan jiya nan Agege. Ba zan faɗi sunansa ba, don ko yana raye ba ya son a kira shi a bainar jama'a. Mu dai Malam muke ce masa.

Na sauka Iddo a jirgin ƙasa a 1991, da akwatin ƙarfe da takardar shiga Kwalejin Fasaha ta Yaba, ban san kowa ba. Wani mai shayi ne ya kai ni wurinsa. Malam tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi shekaru a Ebute Metta kafin ya ajiye aiki, kuma lissafi da zanen injiniya kamar a tafin hannunsa suke. Bayan sallar isha'i sai ya shimfiɗa tabarma, ya kunna aci-balbal idan babu wuta, ya karɓi zanena ya kanga shi a haske. Layi ɗaya ya karkace, sai ya ce, "Ɗana, da wannan ne layin dogo, da yanzu ana jana'iza." In sake tun daga farko. A lokacin haushi nake ji, wallahi.

Kuɗin molue, wato babbar motar bas ta haya, kuwa bai taɓa miƙo mini a hannu ba. Cikin littafina yake sakawa, sai na isa Oshodi in gani. Da na yi godiya sau ɗaya, ya ɗaure fuska ya ce bai san zancen ba.

Da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, gari ya rikice, mutanenmu suna ta ɗaure kaya zuwa Arewa. Mu shida ya tara a ɗakinsa, Hajiya tana dafa mana tuwo a tukunya ɗaya. Maƙwabcinsa Bayarabe ne ke kwana a ƙofar gidan, don amincin shekara talatin da ke tsakaninsu.

Yau ni ke duba zanen wasu, kuma nakan ji maganarsa ta fito daga bakina. Duk wanda ya zauna a tabarmar nan, in ya ga wannan wasiƙa, ya leƙo Agege. Hajiya tana nan, tana tambayar kowa da sunansa.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa Aljanna ce makoma.

Naku,
Wani tsohon ɗalibinsa,
Agege, Legas