Wasiƙa daga Alba, ƙasar masu inabi

Alba, Italiya
Watan Oktoba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma Inna ta samu sauƙin ƙafar nan. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa, alhamdu lillahi.

Saƙonka na murya ya iso, na ji abin da aka kai wa Inna, wai aikin giya nake yi a Turai. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta mata a tsanake. Wallahi Yaya ban taɓa kai ta bakina ba, kuma ba na shiga ɗakin da ake matsa ta. Amma inabin da nake yanka giya za a yi da shi, wannan kam ba zan ɓoye maka ba. Bari in faɗa maka yadda wurin yake, don ku san a kan me kuke ba ni shawara.

Yankin sunansa Langhe, a jihar Piemonte, kudu da birnin Torino. Tuddai ne a jere, kowanne an shuka shi da inabi layi-layi tun daga gindi har kai. Aikinmu almakashi ne da akwatin roba: ka yanke nonon inabin, ka cire ruɓaɓɓe, ka ajiye a hankali kada ya fashe, tarakta ta biyo ta kwashe. Mun fara da wani iri mai zaƙi da ake kira Moscato tun ƙarshen Agusta a wajen Canelli, sai Dolcetto, sai Barbera, yanzu muna kan na ƙarshe, Nebbiolo, wanda ba ya nuna sai hazo ya fara sauka. Shi ne sarkin inabinsu, kuma a kansa ne na fahimci mutanen nan.

Kafin in zo, a zatona giya dai giya ce, abin mashaya. Mashaya akwai su a nan, kamar ko'ina, na ga waɗanda ta lalata. Sai dai a wurin manoman nan abin ya wuce sha, asali ne. Tsohon da nake wa aiki ba ya cewa shi ɗan Italiya ne. In ka tambaye shi sai ya faɗi sunan ƙauyensu, daga nan ya faɗi sunan tudun da kakansa ya noma. Yana iya tsayawa a bakin gonarsa ya nuna maka tudun da ke kallonsa, wanda ko jifa za ka yi ya kai, ya ce ƙasar can daban take, rana ba ta bugunta kamar tasa, don haka abin da take bayarwa ba ɗaya ba ne. Mutanen Serralunga suna taƙama nasu ya fi ƙarfi da jure ajiya, na La Morra su ce nasu ya fi ƙamshi da laushi, kuma wannan gardama ta girmi duk masu yin ta. Ka dai san yadda ba ka isa ka kawo albasar wani gari kasuwa ka ce ta Galmi ce ba, dillalai su ƙyale ka. To haka ne, illa dai su nan sun mai da shi doka, da alƙali da tara.

Dokar ce ta fi ba ni mamaki. Giyar da suke kira Barolo ba a yin ta sai da Nebbiolo zalla, kuma sai wanda aka noma a cikin ƙauyuka 11 da aka lissafa. Ba a yarda hekta ɗaya ta ba da fiye da tan 8 ba, shi ya sa da rani za ka ga suna yanke inabi ɗanye suna zubarwa a ƙasa, ni kuwa raina yana ɓaci. Bayan an matsa, sai ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar itace, kafin a yarda a sayar. Irin inabin nan dai, in ka tsallaka ɗaya gefen Alba zuwa Barbaresco da Neive da Treiso, sunan giyar ya koma Barbaresco, ajiyarta wata 26. In kuma gonarka ta faɗo wajen iyaka ko da taku kaɗan ne, sunan ya kuɓuce maka, kuɗin ma ya bi shi. Akwai tuddan da hekta ɗaya ta haura Yuro miliyan ɗaya, a ƙasar da tsofaffi ke cewa a ƙuruciyarsu 'yan mata ba sa son auren manomi saboda talauci, samari kuma Torino suke gudu aikin kamfanin mota.

Na yi ta tunanin me ya sa kowa ya riƙe sunan garinsu haka. Ashe ƙasar ce ba ta daɗe da zama ɗaya ba, sai a 1861 aka haɗa ta. Kafin nan kowane yanki da sarkinsa da harshensa da abincinsa, har gobe tsohon nan in ya fusata da yarensu na Piemonte yake faɗa, ɗan Italiyancin da na koya ba ya min amfani. Cavour, firaministan farko na haɗaɗɗiyar Italiya, ya yi shekara da shekaru yana magajin garin Grinzane a nan kusa da mu, yana kula da gonakin inabi, gidan sarautar da ya zauna yana nan ana zuwa kallo. A Toscana kuwa tun 1716 mai mulkinsu ya shata iyakar inda za a kira giya Chianti, yau baƙin zakara ne tambarin ta ainihin. Wani abokin aikina da ya zauna a arewa maso gabas ya ce har yanzu mutanen Friuli suna jin zafin sunan giyarsu, Tocai, da aka hana su sawa a kwalba tun wajen 2007, saboda ƙasar Hungari tana da mai kama da shi. Maƙwabtansu masu giyar Prosecco da suka ga haka sai suka yi dabara a 2009, suka sauya wa inabin suna daga Prosecco zuwa Glera, suka ɗaure sunan Prosecco da yanki, don kada wata ƙasa ta shuka irin ta ɗauki sunan.

Ba kuma haka kawai suka zama masu tsantseni ba. A 1986 wasu 'yan kasuwa a Narzole, nan kusa, suka zuba sinadarin methanol a giya mai arha don ƙara mata ƙarfi, kusan mutum 20 suka mutu, wasu suka makance. Kasuwarsu ta waje ta faɗi warwas. Manoman nan suna cewa daga wannan abin kunyar ne aka koma yin kaɗan mai kyau, aka tsananta bincike. A 2014 hukumar UNESCO ta sa tuddan nan cikin wuraren tarihi na duniya, yanzu kaka ba ta yi sai Jamusawa da Amurkawa sun cika Alba, ana ɗaukar mu hoto muna aiki ba a ko tambaye mu ba.

Ga abin da ba a rubutawa a kwalba. Sunan gida yana nan, sunan tudu yana nan, amma hannayen da ke yankan inabin yawanci na baƙi ne. Mutanen Masedoniya da Albaniya da Romaniya sun riga mu, yanzu ga 'yan Gambiya da Senegal da Mali da Bangladesh. Da yawa ba mai gona ne ke ɗaukarsu kai tsaye ba, 'yan kwangila ne ke kwasarsu da asuba a wajen tashar jirgin ƙasa, su ci rabonsu a tsakiya. Akwai 'yan'uwanmu da suka kwana a bakin kogin Tanaro don ba ɗaki. Tun 2016 aka yi doka mai tsanani a kan irin wannan cin zali, ana kama wasu, amma wanda takardar zamansa ba ta cika ba ina shi ina kai ƙara? Ni ma ɗan kwangilar da na fara bi ya rage min awoyi a takarda. Wannan tsohon dai shi ya ɗauke ni da kansa, da kwantiragi, yana biya a banki, in lokacin salla ya yi ba ya ce min komai. Ranar da suka yi walimar gama yankan Barbera, matarsa ta ware min tukunya ba naman alade, ta ajiye min ruwan inabin da bai zama giya ba. Tsohon ya kasa gane yadda mutum zai yini a cikin Nebbiolo bai taɓa ɗanɗana abin da yake zama ba, har tausayina yake ji.

To, Yaya, zuciyata ba ta kwanta ba. Na san hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya, har da mai matsa ta da mai ɗaukar ta. A masallacinmu na nan kai ya rabu: wani ɗan Maroko ya ce inabi 'ya'yan itace ne, lalura kuma tana da hukuncinta, wani dattijo ɗan Senegal ya ce tun da ka san inda za shi, ka taimaka ke nan. Don Allah ka je wurin Malam ka karanta masa wannan yadda na rubuta, kada ka rage kada ka ƙara. Ka gaya masa sabunta takardar zamana sai da kwantiragin aiki, kuma tsohon ya ce in tsaya da sanyi mu yi sassaben rassa. In Malam ya ce in bari, akwai aikin tuffa da wani ɗan itace da ake kira kiwi a wajen Saluzzo in lokacinsu ya zagayo, akwai kuma gonakin wata gyaɗar itace da ake yin Nutella, cakulan shafa wa burodi, da ita a nan Alba, sai dai injina sun cinye rabin aikin.

Na tura kuɗi ta hanyar da muka saba. A fara da maganin Inna, sauran a cike kwanon rufin ɗakinta kafin a taɓa komai. Kuɗin makarantar yara zai biyo baya in an biya mu na wannan watan. Ka gaida Inna, ka ce ta ci gaba da sa min albarka. Ka gaida Kawu da Gwaggo da matarka da yara duka, ka kuma turo min hoton jaririyar, har yanzu ban gan ta ba.

Wassalam,
Ƙaninka