Wasiƙa zuwa ga Edita: Marayan Jamus da ya mai da ƙarar jirgi kiɗa

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'ar gida. Ni mai gyaran rediyo da lasifika ne, a Omdurman nake sana'ata har yaƙin nan da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya koro mu Gadarif, yanzu ɗan tebur ne dani a bakin kasuwa kusa da wata mai shayi. Dan Allah inaso ku ba ni fili in yi magana kan wani Bajamushe mai tsara kiɗa, Karlheinz Stockhausen, nasan wasu zasu ce ana ta rai wa yake ta kiɗan Turawa, to ku ji dalilina.

Ɗan yayana ne ya fara nuna min shi a waya, wai Kawu zo ka ga masu goge a cikin jirgi. Masu goge huɗu, kowa cikin helikwafta daban, suna sama suna kiɗa ana turo sautin ƙasa ta lasifika haɗe da ƙarar farfela, a Amsterdam aka fara yin shi 1995. Wallahi raina ne ya ɓaci na ce kashe, don mu wannan ƙarar in mun ji ta ƙarƙashin gado muke tura yara, har yau ƙaramar 'yata in raksha ta yi ƙara da ƙarfi sai ta ƙanƙame ƙafata. Na ɗauka ɗan hutu ne wanda bai san wahala ba.

Ashe ba haka bane. An haife shi 1928 a wani ƙauye Mödrath kusa da Kolon, garin da muka taso muna jin sashen Hausa na Muryar Jamus daga can kafin su koma Bon. Uwarsa ta samu taɓin hankali yana ɗan shekara 4 aka kai ta asibiti, a 1941 gwamnatin Hitila ta kashe ta a asibitin masu taɓin hankali na garin Hadamar tare da dubban marasa lafiya irinta wai ba su da amfani. Ubansa malamin makaranta ne, ya tafi fagen daga a Yaƙin Duniya na Biyu bai dawo ba a 1945, shi kuma yaron yana shekara 16 aka sa shi ɗaukar sojoji masu rauni a makara a asibitin soja. Yaƙi ya ƙare ba uwa ba uba, da kiɗan fiyano a wuraren shaƙatawa da dare ya riƙa biyan kuɗin karatu.

Wanda ya fi kama ni shine aikinsa na 1956, Gesang der Jünglinge wato Waƙar Samari, a situdiyon gidan rediyon WDR ya ɗauki muryar yaro ɗan shekara 12 a faifan tef, ya yanka ta gunduwa-gunduwa ya liƙa da sautin na'ura, sannan ya jera lasifikoki kewaye da masu sauraro muryar tana yawo daga nan zuwa can. Ni da na sha liƙa zaren kaset da reza da man farce nasan haƙurin da ke cikin wannan aiki, daƙiƙa ɗaya kan iya cin yini. Gaskiya ba daɗin kunne ne dashi kaman waƙar Aisha al-Falatiya tamu ba, sai da na saurara sau uku kafin ya shige ni. Daga baya ya kwashe 1977 zuwa 2003 yana rubuta Licht, wasan waƙa guda 7 kowace ranar mako da nata, kusan awa 29, na jirgin ma daga ciki yake. Ya rasu Disamba 2007.

Malam Edita marayu sun cika makarantun da aka mai da sansani a garin nan, abinci da magani dole ne amma ba mai tambayar yaran me suke ji a kunnensu da dare. Ɗan yayan nan nawa yanzu kullum yana bin janareta da injin niƙa da kiran sallar asuba yana ɗauka a waya yana haɗawa, uwarsa tana faɗa wai ya koma shirme, ni kam na ba shi tsohuwar lasifika ɗaya. Roƙona ku riƙa ware ko rabin shafi ne duk mako kan irin waɗannan mutane, da Hausa, don yaron ba ya jin Turanci balle Jamusanci, Larabci da Hausa kawai yake karantawa.

Naku,
Mai gyaran rediyo, Gadarif, Sudan