Zuwa ga aminina a Damagaram, kan rediyon da ya daina ji

Ngawundare, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, da fatan ƙafar Hajiya ta yi sauƙi. Yaya zafin Damagaram? Mu nan kan tudun Adamawa sai godiya, da asuba har mayafi nake ja, alhali mutanen gida a Garwa a tsakar gida suke kwana.

Na ga saƙonka cewa za a mayar da kai Yamai, kuma kana son barin rediyonka na sadarwa, irin namu na 'yan sha'awa, a gida ka riƙa sarrafa shi daga can. Shi ya sa na zauna in rubuta maka da tsawo, domin hanyar da za ka bi na riga na bi ta, kuma ta cinye mini mako uku. Ba na son ta ci maka ko kwana ɗaya.

Ka san da aka kawo ni nan ɗaki ɗaya na kama haya, babu inda zan ɗaure eriya. Sai na bar rediyona, IC-7300, a Garwa, a ɗakin soro, haɗe da tsohuwar kwamfutata mai Windows 10 Pro, da batir da faranti biyu na sola saboda ɗaukewar wuta. Ɗan yayana ne ke lura da su. Ranar da zan taho na kunna WSJT-X, manhajar da ke fassara siginar rediyo zuwa rubutu, a mitar 14.074 MHz, tashoshin Turai suna ta zubowa a FT8, tsarin musayar gajerun saƙonnin rubutu ta rediyo, na rufe ɗaki hankalina kwance.

Da na iso Ngawundare na shiga kwamfutar ta Remote Desktop, hanyar Windows ta sarrafa kwamfuta daga nesa, sai manhajar WSJT-X ta tare ni da saƙon cewa ba ta samun sauti. Allon da ke nuna sigina baƙi ƙirin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne rediyon yana bin umarnina sarai: in canza mita ya canza, in ce ya buɗe watsawa ya buɗe. Ji ne kawai babu. Na buga wa yaron waya, ya je ya zauna gaban kwamfutar, ya shiga da hannunsa, ya sake kunna manhajar, ya ce mini, "Baffa, ai komai na tafiya." Na sake shiga daga nan, shiru. Haka muka yi ta yi har na fara zargin yaron bai san abin da yake kallo ba. Allah ya yafe mini, shi ne mai gaskiya.

Sai na ɗora laifin a kan direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da na'ura. Na cire, na sake sakawa, ban san sau nawa ba. Har na hau mota ranar Juma'a, muka gangara dutsen nan mai kwane-kwane zuwa Garwa, na canza kebul, na gwada, komai lafiya, na dawo, jiya-i-yau. Daga baya na fahimci cewa direban da nake ta fama da shi, na Silicon Labs CP210x, ba ruwansa da sauti ko kaɗan. Aikinsa buɗe kafar COM, hanyar da umarni ke bi zuwa rediyo, kuma wannan ɓangaren dama lafiyarsa ƙalau. Katin sautin da ke cikin rediyon, wanda ke fitowa da sunan USB Audio CODEC, direban da ke cikin Windows ɗin kanta yake amfani da shi, ba a saka masa komai.

Ga inda matsalar take, ka riƙe shi da kyau. Remote Desktop, yadda ya zo daga masana'anta, yana ɗauka mai shigowa daga nesa yana son jin sautin a inda yake zaune. Saboda haka da zarar ka shiga, sai ya ɓoye katunan sautin kwamfutar gida daga manhajojin da ke gudana, ya ajiye wani na aro a madadinsu wanda ke turo sauti zuwa gare ka. Idan ka duba jerin na'urori za ka ga katin rediyon yana nan, babu alamar ciwo, amma WSJT-X ba ta ganinsa. Wato shigata ce take kurmantar da shi, shiga da hannu a gaban kwamfutar kuma ta dawo masa da ji. Shi ya sa yaron bai taɓa ganin matsalar ba, ni kuma ban taɓa ganin lafiyar ba sai ina Garwa.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Kafin ka danna shiga, ka buɗe zaɓuɓɓuka, ka je shafin Ressources locales, tunda naka ma na Faransanci ne, ka shiga saitin sauti, ka zaɓi Lire sur l'ordinateur distant. Ka ajiye saitin, ka shiga, ka rufe WSJT-X ka sake buɗe ta, sannan ka sake zaɓar katin a wurin shigar sauti da wurin fitarsa. Daren da na yi haka, layuka suka fara sauka duk bayan daƙiƙa 15, na farko daga Italiya. Wallahi sai da na tashi tsaye. Kuma ba ka asarar komai, domin a FT8 kwamfutar gida ce ke saurare tana fassarawa, kai hoton allo kawai kake buƙata, abin da intanet ɗin waya mai rauni ma yana iya ɗauka. Sauran manhajojin shiga daga nesa irin AnyDesk da VNC ba sa ɗauke katin haka, idan ka fi son su. Magana da murya kuwa wani zance ne, wannan sai manhaja irin RS-BA1 ko wfview.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Bayan kwana huɗu aka yi iska, yaron ya zare kebul don tsoron tsawa, wanda daidai ne, amma ya mayar da shi wata kafar USB daban. Windows ta raɗa wa katin sabon suna da lamba 2 a gaba, manhajar kuwa tana neman tsohon. Yanzu na sa ya shafa jan fenti a bakin kafar da ta dace. Kai ma ka yi wa taka alama tun kafin ka tafi, ka kuma hana Windows kashe kafofin USB don tsimin wuta, ka tabbatar an ba manhajoji izinin amfani da makirufo a saitin sirri, ka sa katin a 48000 Hz.

Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka yi wasa da shi: kada ka bar katin rediyo ya zama shi ne babban lasifikar Windows. In ka bari, duk ƙarar da kwamfuta ta yi lokacin da kake watsawa za ta hau iska da alamar kiranka. Mu da ke riƙe da alamar kira mai farawa da TJ ta Kamaru da 5U ta Nijar ba mu da yawa, kira ɗaya za ka yi ka ga Japan da Amurka sun yi layi. Ina jin nauyin hakan ƙwarai, ba na son a ce tashar Kamaru ce ke ɓata wa mutane mita.

Idan kuma ka ga sigina a allo amma babu layi ko ɗaya da ke fitowa, duba agogo kafin ka taɓa sauti. Tawa kwamfutar ƙaramin batirinta na CR2032 ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai lokaci ya kauce, FT8 kuwa ba ya haƙuri da kaucewar da ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ka canza naka yanzu, ka kuma naɗa kebul ɗin USB a zoben ferrite mai rage katsalandar sigina, don nawa yana yankewa idan na haura wat 50 kafin in yi haka.

In Allah ya kai mu Juma'a mai zuwa, bayan sallar isha, zan kasance a 7.074 MHz, a zangon mita 40. Agogonmu ɗaya da naku, ba sai ka yi lissafi ba. Ka kira ni tun kana Damagaram, mu ga ko zangon zai haɗa mu, sannan mu sake gwadawa idan ka sauka Yamai.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina yi mata addu'a. A shafa mini kan yara.

Naka amini,
daga Ngawundare