Wa Ya Taɓa Jin Ta Bakin Malam Zurƙe?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sam mini fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan wani littafi da yawancinmu muka ajiye tun muna 'yan makaranta, muna ganin mun gama da shi, wato Ruwan Bagaja na marigayi Abubakar Imam.

Kwanan nan na sake karanta shi. Abin da ya zauna mini a kai tun ƙuruciya shi ne aljannu, da doguwar tafiyar neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Da na koma, sai na tarar ruwan nan bai ci shafuka da yawa ba. Naman labarin yana wajen rigimar jarumin littafin, Alhaji Imam, da Malam Zurƙe ɗan Muhamman: a wannan gari Alhaji ya ƙulla masa, a gari na gaba Zurƙe ya rama.

Muna yara, duk bayan Alhaji muke, ba ma ko tambaya. Yanzu da furfura ta fara leƙowa, sai wani abu ya tsaya mini a rai. Wa ke ba da labarin? Alhaji ne da bakinsa, yana zayyana wa Koje Sarkin Labari. Ka kuwa san mai ba da labarin kokawarsa ba kasafai bayansa ke taɓa ƙasa ba. Zurƙe dai ba a taɓa zaunar da shi an ce faɗi naka ba. Wasu dabarun da na yi wa dariya har da riƙe ciki, yau da za a yi wa ƙanena irinsu, sunansu mugunta. Dariyar kam na sake yi, ba na musu, sai dai wannan karon da ɗan tausayin malamin a ciki.

Wani abin mamakin, a 1911 aka haifi marubucin, Abubakar Imam, a Kagara, ya kuma rubuta littafin ne don gasar rubutun labarai da wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933. Ashe muryar da na ɗauka ta dattijo ce, ta saurayi ce ɗan shekara 22. Shi da kansa ya faɗi cewa dabarar haɗa mutum biyu masu gasar wayo daga littafin Larabci na Maƙamat ta Hariri ya ɗauko ta. Wannan bai rage shi da komai a idona ba, don Zurƙe ya zama namu, ko ba a faɗa ba.

Roƙona, Malam Edita, a buɗe ɗan shafi inda manya za su riƙa komawa irin waɗannan littattafai su faɗi abin da suka gani yanzu, ba don jarrabawa ba. In an buɗe, ina neman wanda zai tsaya wa Alhaji, don ni na riga na zama lauyan Zurƙe.

Wassalam,
Mai karatunku na kullum