Ina shirin sayar da filin gadona in sayi murhu, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Hajiya, barka da ƙoƙari, ya iyali, ya kuma fama da mu masu kawo ƙorafi? Na daɗe ina sauraron filin nan naki, yawanci hannuna dumu-dumu cikin kwaɓin fulawa, ban taɓa kawo wa raina wata rana ni ma zan rubuto ba. Don Allah a sakaya sunana, domin in dangina suka gane ni ce, ban san inda zan sa kaina ba. Matsalata ba ta kishiya ba ce, ba kuma ta miji ba. Ta murhu ce. In kin yi dariya ban ga laifinki ba, ni ma na yi wa kaina.

Shekaruna 54, a Kano nake aure, 'ya'yana biyar, uku suna ɗakunansu. Na yi koyarwa har na ajiye, amma sana'ar da ta rufa min asiri ita ce kayan gara da na biki: alkaki, nakiya, dublan, cincin, daga baya na ƙara da kek da mitfai. Shekara 22 ke nan ina yi a cikin gida.

Bayan babbar sallar da ta wuce na kai kayan gara wani gida a Maitama, Abuja. Uwar amarya mutuniyar kirki ce, ta ja hannuna har kicin wai in sha ruwa in huta. Ina shiga na tsaya cak. Wani murhu ne ya cinye bango guda, shuɗi mai duhu kamar rinin Ƙofar Mata, an yi masa baki da tagulla, maɓallansa jere suna ɗaukar ido. Kawunan gas a sama, a tsakiya wani faifan baƙin ƙarfe da aka ce min tsakiyarsa ta fi zafi, gefe-gefe kuma wutar tana raguwa, sai dai ki matsar da tukunya inda kike so maimakon ki yi ta murɗa maɓalli. A ƙasa oben biyu, ɗaya na gas ɗaya na lantarki. Da na ja ƙofar guda sai na ji nauyi kamar ƙofar sef ɗin banki, da na sake ta kuma ta koma ta rufe ba ko ƙara. Har sunan matar gidan an zana a wani ɗan allon tagulla a gabansa.

Da ta ga na kasa ɗauke ido, sai ta ce in ina so in gwada. Ni kuwa ban yi fulako ba. Na kwaɓa kek na tire ɗaya da abin da na samu a kicin ɗin, na zura, na zauna ina jiran lokacin juyawa. Hajiya, ban juya tiren nan ko sau ɗaya ba. Ya fito launi guda tun daga wannan kusurwa har waccan, sama bai tsage ba, gindi bai kama ba. Wanda bai yi sana'ar gashi ba ba zai san abin da na ji ba. Oben ɗina na gida, kusurwar baya ta hagu ƙonawa take yi, ta gaba kuma ta bar abu ɗanye, don haka duk minti goma sai na buɗe na juya, a ƙasa kuma tiren yashi nake shimfiɗawa don ya tare wuta. Hannuna na dama daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk zanen ƙuna ne, har jikata takan ƙirga su tana tambayata wanne ne na bikin wa.

Na dawo Kano abin yana raina. Autana ya bincika min a intanet. Sunan kamfanin La Cornue, na ƙasar Faransa, wani mai suna Albert Dupuy ya kafa shi a 1908. Abin da suka yi suna a kai shi ne rufin oben ɗinsu da yake a lanƙwashe kamar bakan gizo na ɗakin soro, wanda ke sa zafi ya zagaye abinci ta ko'ina. Samfurin da na gani Château ake kiransa, kuma ba a ƙera shi a jibge a shago, sai kin yi oda, kin zaɓi launi da tsarin kawuna, sannan a haɗa miki da hannu. Yaron ya nuna min wasu ma: Lacanche, shi ma na Faransa, da Wolf na Amurka mai jajayen maɓallai, da AGA na Ingila wanda asalin samfurinsa ba a kashe shi dare da rana, yana dafa abinci yana ɗumama gida. Wannan kam na ce a bar wa masu sanyi kayansu, wa zai kunna wa kansa wuta a ɗaki a Kano cikin watan Afrilu?

Sai maganar kuɗi. Wani da ke shigo da kayan kicin daga waje ya yi min lissafi: murhun kaɗai Yuro 36,000. In an haɗa da na'urar zuƙe hayaƙi da dole a ɗora masa, da kuɗin jirgin ruwa zuwa Legas, da kwastan, da mota zuwa Kano, da kafawa, abin ya tashi wajen Naira miliyan 85. Har na riƙa cizon yatsa ina cewa da ma kafin watan Yunin 2023 na gan shi, lokacin da dala ba ta kai Naira 800 ba ko a kasuwar 'yan canji ta Wapa, kafin ta zo ta haura 1,500 a farkon 2024. Ba ni da wannan kuɗi a ajiye. Abin da nake da shi fili ne da na gada daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, can wajen hanyar Gwarzo. Da aka raba gado daji ne, yanzu gari ya cim masa, kuma dillali ya ce zai yi wannan kuɗi har da ɗan canji.

Maigida na fara gaya wa. Ya yi shiru, ya ce: “Filinki ne, ba ni da iko da shi.” Daga nan bai ƙara ko kalma ba, sai dai tun ranar in na kai masa abinci yakan ce, “Ai kuwa wannan tsohon murhun bai gaza ba.” Shekara 33 muna tare, na san fassarar wannan.

Yayanmu babba kuwa bai ɓoye ba. Har gida ya zo, ko zama bai gama yi ba ya karanto min ayar Suratul Isra'i da ta ce masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu ne. Ya ce kujerar Hajjin 2025 Naira miliyan 8 da 'yan kai ce, ke nan kujeru goma zan dasa a kicin in riƙa soya cincin a kai. Ya ce filin nan gumin Baba ne. Wannan ta ƙarshen ce ta sa ni kuka bayan ya tafi. Na so in ce masa ai akwai hadisin da ya ce Allah kyakkyawa ne yana son kyau, na kuma so in tambaye shi nawa ya sayi motar da ya ajiye a ƙofar gidana, wadda ba wanda ya karanta masa aya a kanta. Ban faɗa ba, yaya ne.

Babbar 'yata, wadda ta karanci lissafin kuɗi, ita biro ta ɗauka. Ta ce: “Umma, wata mai kyau nawa kike samu riba?” Na ce in ana bukukuwa sosai, kamar Naira 400,000. Ta buga ta ce ko da kowane wata haka yake, kuma ban taɓa ko sisi ba, sai na yi kusan shekara 18 kafin murhun ya mayar da kuɗinsa, lokacin ina da 72. Ta ƙara da cewa mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 sai ya haura shekara ɗari yana aiki kafin ya tara kuɗin. Sannan ta ce fili kullum hawa yake, gwal ko tsakar dare kika kai kasuwa za a saya, amma ranar da wata lalura ta taso, wa zai sayi murhu na hannu mai ɗauke da sunan wata?

Wanda ya fi kashe min jiki shi ne mai gyaran gas ɗinmu, dattijo ne da ya fi shekara 15 yana mana aiki. Na nuna masa hoto, ya daɗe yana kallo, ya ce tabarkalla. Sai ya fara jero min abubuwa. Ya ce a Turai gidaje da yawa gas ɗin bututu suke amfani da shi, mu kuwa na tukunya, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, don haka tun wajen oda sai an tabbatar an sa masa ƙananan bakunan da suka dace da namu. Ya ce irin wannan ba a haɗa shi da tukunya mai kilo 12.5, sai manya masu kilo 50 a ajiye a waje a jawo bututu. Oben ɗin lantarkin kuma ɗan injinmu ba zai ɗauke shi ba, solar da muka sa don fanka da firji ma kada in sa ta a lissafi. Unguwarmu ba ta cikin rukunin Band A na masu samun wutar lantarki sosai, waɗanda aka kai yunit ɗinsu Naira 225 a watan Afrilun 2024, mu namu da sauƙi amma wutar sai an ga dama. In an ɗauke tsakiyar gashi fa? Ya auna ƙofar kicin ɗina da tef ya ce sai an fasa. Daga ƙarshe ya ce: “Hajiya, ni dai ban taɓa kwance irinsa ba. In wani abu ya samu, ba zan sa hannu a kayan miliyan 85 ina lalube ba.” Ya ce da ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin zan sayi oben irin na gidan burodi mai hawa biyu wanda zai ci tire huɗu a tashi ɗaya, in ƙara da kuka mai kyau 'yar Italiya mai kai biyar, kuma duka yana iya gyara su.

Na san gaskiya ya faɗa. Akwai ma abin da ban gaya wa kowa ba sai ke. Ranar nan a Maitama, da aka kawo mana abincin rana, ba daga wannan murhun ya fito ba. Ta wata ƙofa aka shigo da shi, daga kicin ɗin baya inda masu aiki ke girki a kan kuka irin ta kowa. Da na zura kek ɗina, oben ɗin ƙamshin sabon ƙarfe yake yi. Ina jin ni ce mutum ta farko ko ta biyu da ta taɓa gasa wani abu a ciki. Ni ma in na yi wa kaina adalci, rabin girkina ba zai hau kansa ba. Tuwon gidanmu na mutum kusan 15 ne, a tsakar gida nake tuƙa shi, ina kan kujera 'yar tsugunno, na taka gefen tukunya da tsumma, muciya a hannu biyu. Wa zai tuƙa tuwon kwano biyu a tsaye a kan abin da ake tsoron ya ƙarje? Tandar waina ma gawayi take so. Alkaki da dublan suya ce a babban kasko, ba ruwansu da oben. Ga ƙurar hunturu, wadda na san kullum sai na bi tagullar nan da tsumma.

To duk da haka, Hajiya, zuciyata ta ƙi saki, kuma a nan ne nake neman taimakonki. An kawo ni gidan miji ina da shekara 21, gidan gandu, girkin mutum talatin a murhun duwatsu uku, ɗanyen itace da damina, ido na ruwa ana fifita da faifai. Da muka ware na koma risho. Lokacin wahalar kananzir a shekarun 1990 na yi girki da murhun garin katako da ake kira abaca, na yi da kurfoti. Kukar gas ta farko da na mallaka ta hannu ce, ƙafarta ɗaya bulo ne. Sarƙar gwal ɗina ta aure ta tafi a kuɗin makarantar yara. Awarwarona sun tafi a kayan ɗakin 'yan matan nan, kuma kowacce sai da na saya mata sabuwar kuka mai oben a kwali, don kada 'yan ganin ɗaki su yi da mu. Ni ban taɓa ɓare sabuwa da hannuna a matsayin tawa ba. Rayuwata a gaban wuta ta ƙare, kuma wannan ne karo na farko da na ga wani abu na ce ina so don kaina kawai, ba don yara ko baƙi ko fita kunyar surukai ba. Da na ce zan sayar da filin in yi wa autana jari, ko in ƙara wa wata kayan ɗaki, na tabbata har addu'a za a yi min.

Wani lokaci kuma in na kwanta sai in tambayi kaina: gashin nake so, ko so nake wata rana wata ta shigo kicin ɗina ta tsaya cak kamar yadda na tsaya? In na biyun ne, to Yaya ya fi ni gaskiya, kuma ina tsoron haɗuwata da Allah a kan haka, ga maƙwabta da na san wasu sau ɗaya suke ɗora tukunya a yini. Na yi istihara sau biyu, ban ji na karkata ko'ina ba.

Don haka ki taimaka min da amsa, ke da malaman da kike gayyatowa da masu sauraro. Mace ta kashe halalinta a kan abin da take so, alhali akwai mai araha da zai yi mata aikin, ya shiga almubazzaranci ko bai shiga ba? In akwai wadda ta mallaki irin wannan murhu a ƙasar nan kuma da gaske take girki a kansa kullum, ina roƙonta ta bugo ta gaya min yadda yake bayan shekara biyar, da wanda ke gyara mata. Sannan in haƙura zan yi in bi shawarar mai gyara, yaya zan yi da wannan abin da ya tokare min ƙirji, don kada in riƙa kallon maigida da Yaya a matsayin waɗanda suka hana ni?

Dillali ya ce mai sayen filin zai jira ni zuwa ƙarshen wata, mai shigo da kayan kuma rabin kuɗi yake so kafin a fara ƙerawa, kuma in an biya ba a fasawa. Don Allah ki karanta wasiƙata kafin lokacin.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taki,
Mai kayan gara, daga Kano